Auta Yana Son Sabon Amfilifaya, Ni Kuma Na Kwashi Adashe

Kun saba in kun buɗe wannan fili ku tarar da maganar zazzaɓin yara, ko rigakafi, ko abincin mai shayarwa. Yau ku yi haƙuri da ni, maganar kayan kiɗa na kawo. Kada ki wuce, 'yar uwa. Ko babu mai kaɗa jita a gidanki, wata rana wani zai miƙo miki hoton wani abu a waya, ya ce in ba a saya masa wannan ba sana'arsa ta tsaya. Kuma ki lura, ranar da kuɗi suka shigo hannunki zai zo.

Nawa ya zo ne washegarin da na kwashi adashe.

Na dawo daga aikin dare, ko takalmi ban cire ba, na tarar an share tsakar gida, an cika randa, an kai yara makaranta. Autanmu yana zaune a falo, ya nutsu kamar mai jiran sakamakon gwaji. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

A hannuna Auta ya tashi tun bayan rasuwar mahaifiyarmu. Yanzu shekarunsa 23, yana karatu, ranakun Juma'a da Asabar kuma yana kaɗa jitar bes a wata ƙungiyar makaɗa da ke zuwa bukukuwa a nan Kaduna. Da wannan kiɗan yake biyan kuɗin motarsa da na takardun makaranta, har ya shigo wa yarana da biredi. Ba na raina sana'arsa.

"Yaya, sannu da aiki. Dama wata 'yar magana ce."

"Ina jin ka, Auta."

Ya miƙo waya. Wani ɗan baƙin akwati ne mai maɓallai a jere.

"Kan amfilifaya ne, Yaya. Wat 800. Nawa 300 ne kacal. In mai ganga ya saki hannu, ko kaina ba na ji. Shugabanmu har ya fara cewa bes ɗina ba ya fita. Aro nake so, zan biya."

Da ya faɗi kuɗin sai da na zauna. Kuɗin makarantar 'ya'yana biyu ne na zango guda, har da canji. Da na gaya wa baban yara da daddare, cewa ya yi, "Kuɗinki ne, ƙaninki ne. Ki dai tuna Janairu na tafe."

Ban ce wa Auta eh ba, ban kuma ce a'a ba. Na ce ya ba ni mako biyu. Dalili shi ne, a duk maganarsa jimla ɗaya ce ta tsaya min a rai: ko kaina ba na ji. Shi yana kukan na'ura, ni kuwa aikin jinya ya koya min cewa in mutum ya ce ba ya ji, sai a duba abin da ke magana, a kuma duba kunnen da ke saurare.

Mene ne ma wannan kai?

Kin san wannan dum-dum mai kauri da kike ji a ƙirjinki a wajen biki tun kafin ki gane waƙar da ake yi? Aikin jitar bes ke nan. Tsirkiyarta huɗu ce, wasu biyar, kuma in babu lantarki da ƙyar na kusa da ita zai ji ta. Abu biyu ne ke fitar da muryarta. Akwai kai, wato amfilifayar kanta, wadda ke karɓar ɗan siririn sautin jitar ta ƙara masa ƙarfi. Akwai kuma akwatin sifika, wanda kan ke zama a bisansa, shi ne ke tura iska har sauti ya iso kunne.

Mu kai shi madafi. Kai shi ne wuta, akwati shi ne tukunya. Ki tura itace yadda kike so, tukunyar mudu ɗaya ba za ta dafa mudu uku ba, ƙonewa kawai za ta yi.

Tsirkiya mafi kauri a jita mai huɗu tana karkarwa sau 41 ne kawai a daƙiƙa ɗaya. Irin wannan sautin na ƙasa yana bukatar a motsa iska mai yawa, shi ya sa akwatunan masu bes suka fi na kowa girma, kuma shi ya sa suke yawan kukan ƙarancin wat.

Wat 300 ɗin da Auta ya raina kuwa tana da tarihi. A 1969 kamfanin Ampeg na Amurka ya fitar da wani kai mai suna SVT, wat 300 daidai, don manyan filayen wasa. Mawaƙan Rolling Stones na Ingila sun zagaya Amurka da shi a wannan shekarar, kuma har yau makaɗa na girmama shi. Sai dai nauyinsa ya doshi kilo 40, kuma akwatin da aka yi masa sifika takwas ne a ciki. Ki riƙe wannan: sifika takwas. A yau kamfanoni irin su Fender da Markbass na Italiya suna ƙera kai mai wat 500 da bai kai kilo 3 ba, ana saka shi a jakar goyo. Wannan sauƙin nauyi na cikin abin da ke jan hankalin samari, kuma ban ga laifinsu ba.

Abin da mai gyara ya nuna mana

Ranar da nake hutu na sa Auta ya ɗauko kayansa duka, muka loda a keke muka je wurin wani dattijo mai gyaran kayan sauti. Ko kallon hoton sabon bai yi ba. Juya tsohon ya yi, ya sa tabarau, ya karanta ɗan rubutun da ke bayansa, sannan ya juya akwatin ya karanta nasa.

"Yaro, wa ya ce maka wat 300 kake kaɗawa?"

"A jiki aka rubuta, Baba."

"Karanta har ƙarshe."

Abin da aka rubuta shi ne wat 300 a om 4. Om ma'auni ne na yadda sifika ke tare wutar da kai ke turo mata, kuma yawan lambar, yawan tarewar. Akwatin Auta om 8 ne, sifika ɗaya tak mai inci 15. Galibin irin wannan kai, in aka haɗa shi da om 8, abin da yake bayarwa bai fi rabi da ɗan ɗori na ƙarfinsa ba. Shekara biyu ke nan Auta yana da wat 300 a hannu yana cin ƙasa da 200.

Dattijon ya ce in aka samo akwati na biyu, shi ma om 8, aka haɗa su, lissafin zai koma om 4. Kan zai saki duk ƙarfinsa, ga kuma ƙarin sifika masu tura iska. Ya ja kunnensa cewa kada ya ji daɗi ya ƙara na uku, domin in om ya sauka ƙasa da abin da aka rubuta a bayan kai, zafi zai yi ya ɗauke, ko ya ƙone gaba ɗaya.

"To in na sa mai 800 a kan akwatina fa, Baba?"

"Sai ka riƙa zuwa wurina duk wata ina naɗa maka sifika. Ni kam ba zan ƙi ba."

Daga nan ya faɗi abin da ya sa na gyara zama, domin ya shigo fagena. Ya ce ninka wat sau biyu ba ya ninka ƙara sau biyu. Desibel 3 kawai yake ƙarawa, ɗan bambancin da kunne zai lura da shi amma ba zai ce an yi wani abin kirki ba. Kafin mutum ya ji cewa ƙara ta ninka, sai an ƙara kimanin desibel 10, wato wat ninki goma. Mai 300 sai ya nemi 3,000.

Bai tsaya nan ba. Ya taɓa tsirkiyoyin jitar ya tambayi yaushe aka canza su. Auta ya sunkuyar da kai, tun da ya saye ta bai taɓa ba. Tsohuwar tsirkiya da ta sha gumi da ƙura muryarta dusashewa take yi. Ya dubi maɓallan, ya ga an murɗe na kauri har ƙarshe, na tsakiya kuma an mayar da shi baya. Ya ce wannan saitin yana da daɗi a ɗaki in kana kai kaɗai, amma a cikin taro shi ke shanye wat, kuma sautin tsakiyar da ka kashe shi ne wanda ke ratsa ganga ya iso kunne. Ya tambayi inda yake ajiye akwatin a wajen biki. A ƙasa, daf da ƙafarsa. Dattijon ya yi dariya ya ce, "Ashe ƙwaurinka kake yi wa kiɗa." Ya ce ya ɗora shi a kan benci, ko ya ɗan kishingiɗar da shi ya fuskanci kansa. A ƙarshe ya nuna masa wata kafa mai ƙananan ƙarafa uku a bayan kan, wadda ake jan waya daga ita zuwa miksa, manyan sifikun taro su ɗauki bes ɗin su kai wa jama'a. Auta bai taɓa amfani da ita ba.

Ban da tsirkiya, duk wannan gyaran ko sisi ba ya ci.

Desibel 3 a wurin nas

Yanzu ga inda nake so ki ba ni hankalinki, ko da abin da ya gabata ya yi miki kama da lissafin makanikai.

Wannan desibel 3 da mai gyara ya ce ba wani abu ba ne, a wurinmu ma'aikatan lafiya babban abu ne. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa iyaka a desibel 85 na awa 8 a rana. Duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. A 88 awa 4 ne. A 91 awa 2. A 94 awa 1. In an kai 100, minti 15 ne kacal. Wato Auta zai kashe kuɗin makarantar yara biyu ya sayi ƙarin da da ƙyar zai ji, amma in ya murɗa shi, lokacin da kunnensa zai iya jurewa ya ragu da fiye da rabi. Shi kuwa yana tsayawa tsakanin ganga da sifika daga la'asar har dare.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan lungu mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne, su ne ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Ƙara mai yawa tana kwantar da su. In an huta sukan miƙe, shi ya sa kike dawowa daga biki kunnenki a toshe, da safe ya buɗe. In aka yi ta maimaitawa sai su mutu, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Babu allura, babu ƙwaya, babu ɗigon da ke dawo da shi.

Abin takaicin shi ne ba ya zafi. Kuma sautuka masu siriri ne ke fara tafiya, waɗanda ke sa magana ta fito tangaran. Mutum zai riƙa jin ana magana amma kalmomin na cakuɗe masa, musamman a cikin hayaniya. Makaɗi kuma sai ya ji kiɗansa ya yi duhu, ya rasa kaifi, ya ɗora wa na'ura laifi, ya ƙara murɗawa. Ƙarin murɗawar ya ƙara ɓarnar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti mai ƙarfi, a waya da wuraren shagali. A 2022 ta fitar da ƙa'ida ga wuraren taro da kiɗa, cewa matsakaicin ƙara kada ya wuce desibel 100. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ma an ware ta ne don tunatar da duniya lafiyar kunne.

Da na zauna na yi tunani, sai na ga alamun sun daɗe a gabana. Talabijin in Auta ne ya kunna, sai an rage. In na kira shi daga madafi sai na yi sau biyu, ina cewa raini ne. Na tambaye shi ko kunnensa na yin ƙara bayan wasa. Ya ce, "Kamar kukan gyare, Yaya. Amma ai kowa a ƙungiyarmu haka yake ji, zuwa Lahadi ya daina." Ni nas ce, a gidana yake kwana, ban taɓa tambaya ba sai da maganar kuɗi ta taso. Wannan ya dame ni fiye da kuɗin.

Na kai shi gwajin ji. Ba a huda ko'ina, ba a ɗibar jini. Ana sa wa mutum abin saurare a ɗaki marar hayaniya, ana sako sautuka, in ya ji ya danna. Sakamakon ya nuna jinsa na nan da kyau, sai dai a kunnen hagu layin ya ɗan faɗa a wajen sautuka masu siriri, daidai inda ɓarnar ƙara ta saba fara nunawa. Hagu kuwa nan ne ɓangaren da mai gangarsu ke zama da faya-fayan ƙarfensa. Da muka fito Auta bai ce komai ba har muka iso gida.

Yadda muka ƙare

Ban ba shi kuɗin sabon kai ba. Ya yi kwana biyu yana gaishe ni a taƙaice, ya daina cin tuwon dare a falo. Na ƙyale shi.

A rana ta uku na kira shi muka yi lissafi a takarda. Dattijon nan ya samo masa akwati na hannu, om 8, mai sifika huɗu 'yan inci 10, a kuɗin da bai kai rabin na sabon kan ba. Auta ya kawo abin da ya tara, na cika masa sauran a matsayin bashi, muka rubuta abin da zai riƙa cirewa daga kowane wasa. Ya sayi sababbin tsirkiyoyi da kuɗinsa. Sharaɗina ɗaya ne: abin toshe kunne. Akwai na soso mai araha a shagunan magani da na kayan aiki, akwai kuma wanda aka yi don makaɗa, mai rage ƙara ba tare da ya dusashe kiɗan ba. In na ji labarin ya hau wasa babu shi, bashin ya zama na biya nan take.

Ya dawo daga bikin farko yana cewa shugabansu ya ce ya rage, bes ya yi yawa. Kuɗin makaranta kuma na biya a makon farko na Janairu.

Har yanzu hoton mai wat 800 ɗin na nan a fuskar wayarsa. Ban hana shi mafarki ba, na dai ce wannan daga aljihunsa zai fito.

Yaushe ya kamata ki ce eh?

Kada ki ɗauka cewa nake yi kullum a hana. Wani lokacin sabon kai shi ne daidai. In tsohon yana ɗaukewa a tsakiyar wasa, an kai gyara sau biyu sau uku yana dawowa, to yana ci wa mai shi mutunci da kasuwa. In nauyinsa ya sa kullum sai an ɗauki shatar mota, ko yaro ya fara kukan baya, mai sauƙin nauyi zai biya kansa. In ba shi da kafar da ake kai sauti miksa, kuma ana gayyatar su manyan wurare, wannan ma dalili ne. Haka in akwatunan sun wadata, kan ne ya gaza ciyar da su.

In za a saya, a tafi da jitar da akwatin a gwada a shagon, a bar shi ya yi aiki ya ɗau zafi, domin gani ya kori ji. In na hannu ne da aka shigo da shi daga Amurka, a duba bayansa da kyau. Wutarsu bolt 120 ce, tamu 230, kuma in ba mai karɓar duka biyun ba ne, jona shi kai tsaye na iya kashe shi nan take. A kuma tanadi abin daidaita wuta, saboda janareton wajen biki ba ya da alƙawari.

Tambayoyin da na yi wa Auta za su yi miki aiki ko da keken ɗinki ne, ko kwamfuta, ko waya aka kawo miki hotonta. Me tsohon ya kasa yi, takamaimai? Wa ya duba shi ya tabbatar laifinsa ne, ban da mai son sayar maka da sabo? A wata nawa sabon zai dawo da kuɗinsa? Yaron da ke da amsa ya cancanci a taimaka masa. Wanda ba shi da ita, kin taimake shi da kika sa ya je ya nemo.

Sai roƙona na ƙarshe, wanda ya shafe mu duka. Lokacin bukukuwa ne. Ina ganin mata da goyo a baya suna zaune daf da sifika saboda nan ne kujera ta rage. In sai kin ɗaga murya kafin wadda ke kusa da ke, tazarar hannu ɗaya, ta ji ki, to ƙarar wurin ta kai inda take ɓarna. Jariri ba zai ce miki kunnensa na kukan gyare ba. Ki ja kujerarki baya, ki riƙa fita da shi waje yana hutawa. In kuma akwai wanda ke yawan cewa "na'am?" a gidanki, ko mai kwana da abin saurare a kunne, ki kai shi a gwada. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a nan Kaduna, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To sai an bar kunnen da rai tukuna.

Ke fa, wane hoto aka taɓa miƙo miki ranar kwasar adashe, kuma yaya kuka ƙare? Ina jiran labarinki a ƙasa. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, za mu koma kan tarin yara a lokacin hunturu.